Rikicin Hanji: Mu Bar Ɓoyo, Mu Ɗauki Alƙalami



Aikinmu shi ne zagaya cibiyoyin yaƙi da jahilci na ƙasar Karofane da kewaye. Muna duba littafin kiran suna, mu ga mai zuwa da wanda ya ɗauke ƙafa. Wanda ya ɗauke ƙafa mukan bi shi har gida domin mu ji dalili. Wasu aikin garka ne ya riƙe su, wasu sun tafi ci-rani. Amma akwai wani dalili da ba a faɗa a gaban jama'a, sai an keɓe. A kansa za mu yi magana yau.

Wata rana, bayan an kwashe albasa, muka je gidan wani ɗalibi, magidanci mai garka a fadamar Tarka. Yana cikin masu ƙoƙari, har ya fara rubuta wasiƙa da hannunsa, sai kawai ya daina zuwa. Da muka zauna a zaure, ya sunkuyar da kai, ya ce: "Mushe, ba karatun na ƙi ba. Cikina ne ya hana ni zama cikin mutane. Yana kumbura kamar ganga, yana ƙugi har na kusa da ni ya ji, samari su yi ta dariya. Wani lokaci murɗa ta taso mini, in fita da gudu. Wani lokaci kuma in kwana uku ban zagaya ba. A masallaci sahun baya nake tsayawa, don alwalata ba ta daɗewa. Yau shekara uku ke nan."

Muka ce: "Malam, me ka yi a kai?" Ya ce babu abin da bai yi ba. Ya sha kafso na ƴan tebur, ya sha kanwa, ya sha jiƙe-jiƙe iri-iri. Wani ya ce basir ne, wani ya ce sammu aka ba shi a cikin abinci. Akuya biyu ya sayar wajen neman magani. Ya je likita, aka auna jininsa da bayan gidansa, aka ce ba a ga kome ba. Daga nan ya yanke ƙauna, ya ce tun da na'ura ba ta gani ba, to, abin na ɓoye ne.

Irin wannan bawan Allah suna da yawa a cikinmu, kuma mata sun fi maza. Ra'ayinmu a kan lamarin shi ne: wannan ciwo na gaskiya ne, yana da suna, ba abin kunya ba ne. Wanda ke fama da shi ya fara zuwa likita. In likita ya tabbatar, to, babban makaminsa ba ya kan teburin mai tallar magani. Yana cikin kayen rubutu da alƙalamin da ya koyi riƙewa a cibiyar karatu.

Mene ne rikicin hanji?

Ma'aikatan lafiya na ƙasarmu sukan kira shi kolopati da Faransanci. Mu a nan za mu ce masa rikicin hanji.

Hanjin mutum dogo ne. Ƙaramin hanji ya kai kamar mita 6, babban hanji kamar mita ɗaya da rabi. Jikinsa nama ne mai motsi, yana matsewa yana saki, yana tura abinci gaba. Duk mai garka ya san aikin magudanar ruwa. In ruwa ya taho da ƙarfi, ya wuce fangali bai jiƙa shi ba. In ya taho a hankali ainun, ya tsaya a hanya ƙasa ta shanye. Haka hanji yake. In ya yi sauri, sai zawo. In ya yi nawa, sai bayan gida ya bushe ya yi tauri. Mai rikicin hanji, nasa hanjin ba ya tsayawa a tsakani. Wani zawo ya fi damunsa, wani taurin bayan gida, wani kuma yau wannan gobe wancan.

Abu na biyu, jijiyoyin hanjinsa suna da saurin jin ciwo. Iskar da ba za ta dami ɗan uwansa ba, shi sai ta sa shi murƙususu. Abu na uku, akwai jijiyoyi da suka haɗa hanji da ƙwaƙwalwa, kullum saƙo yana kai da komowa tsakaninsu. Shi ya sa tsoro kan karya cikin mutum. Ga mai wannan ciwo, damuwa kaɗan ta isa ta tayar masa da murɗa.

Ke nan hanjin ba shi da rauni, ba shi da ƙari, ba shi da tsutsa. Aikinsa ne ya rikice. Wannan shi ne dalilin da ya sa awo ba ya nuna kome. In likita ya ce bai ga kome ba, bai ce ƙarya kake yi ba. Albishir ne ya yi maka cewa bai ga mugun abu ba.

A shekarar 2016 ƙwararrun likitocin ciki na duniya, waɗanda ake kira kwamitin Roma, sun tsai da alamomin gane shi. Ciwon ciki ne mai zuwa aƙalla rana ɗaya a kowane mako, har tsawon wata uku, kuma ya fara tun wata shida da suka wuce ko fiye. Ciwon yana da alaƙa da aƙalla biyu daga cikin waɗannan: zagayawa, canjin yawan zagayawa, da canjin kamar bayan gida. An yi wani babban bincike a ƙasashe 33, a kan mutum fiye da 73,000, aka buga sakamakonsa a 2021. A yawancin ƙasashen an samu kimanin mutum 4 cikin 100 suna da shi, in kuma aka sassauta ma'auni sai su kai kimanin 10. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a samu ɗaya ko biyu a cikin aji guda.

Wani abu da ya shafe mu ƙwarai: kimanin mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka yi zawo mai tsanani, na gurɓataccen ruwa ko abinci, sukan tashi da rikicin hanji bayan ƙwayar cutar ta tafi. Wanda ya tsabtace ruwan shansa, ya wanke hannu da sabulu, ya rufe wa wannan ciwo ƙofa ɗaya.

Ga kuma abin kwantar da rai. Rikicin hanji ba ya zama ciwon daji. Ba ya rage kwana. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a ƙwarya ɗaya. Yakan lafa, yakan tashi, amma ana iya zama da shi lafiya in an san halinsa.

Likita tukuna

Kada kowa ya karanta wannan shafi ya yanke wa kansa hukunci. A ƙasarmu akwai cututtuka da yawa masu kama da shi: atini, tsutsar ciki, ƙwayoyin cuta na ruwa maras tsabta, gyambon ciki, zazzaɓin taifot, tarin fuka na ciki, sida, da ciwon daji na hanji. Waɗannan kowanne da maganinsa, wasunsu kuwa suna kisa in aka yi jinkiri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ka je likitar garinku, ka gaya wa majo kome dalla-dalla, a auna bayan gida da jini.

Akwai alamomin da ba na rikicin hanji ba ne. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu kada ya jira:

1. Jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta.
2. Rama ba tare da dalili ba.
3. Zazzaɓi mai daɗewa, ko amai da ya ƙi tsayawa.
4. Ƙarancin jini: tafin hannu da cikin ido su yi fari, mutum ya riƙa haki.
5. Zawo ko ciwon da ke tada mutum daga barci da dare.
6. Ƙullutu da ake ji a cikin ciki.
7. Ciwon ya fara bayan mutum ya wuce shekara 50.
8. Wani daga cikin iyaye ko ƴan uwa na jini ya taɓa yin ciwon daji na hanji.
9. Mace wadda ta manyanta, cikinta ya kumbura ya ƙi saɓewa.

In abin ya fi ƙarfin likitar gari, akwai asibitocin gunduma a Buza da Madawa da Keita, akwai asibitin Galmi, akwai kuma babban asibitin jiha a Tawa. Kuɗin mota zuwa can bai kai kuɗin akuya biyu ba.

Maganin tebur asara biyu ne

Mun san abin da ke kai mutum wurin mai tallar magani. Yana kusa, yana sayar da ƙwaya ɗaya ɗaya, ba ya yin tambayar da za ta ba ka kunya. Amma mu dubi abin da yake bayarwa.

Yawanci kafso ne na kashe ƙwayoyin cuta. A cikin hanjin kowane mai lafiya akwai ƙananan halittu masu amfani, ba su ƙirguwa, suna taimakon narkar da abinci. Shan kafso barkatai yana kashe su, kamar mai fesa maganin ciyawa ya haɗa da dashen albasa. Cikin sai ya ƙara lalacewa. Ran da kuma ciwo na gaske ya zo, maganin ba zai ci ba, don ƙwayoyin cutar sun saba da shi.

Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diklofenak suna cin bangon tumbi, suna iya jawo gyambo da zubar jini. Tramol yana ɗaure ciki, yana kuma kama mutum ya kasa rabuwa da shi. Kanwa takan kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, amma gishirinta yana da yawa, yawan shanta yana da haɗari ga mai hawan jini da mai ciwon zuciya. Filasko yana wanke ciki da ƙarfi, yana kuma ƙara murɗa. Ba abin sha kullum ba ne.

Ba mu ce babu magani ba. Akwai na sassauta murɗa, akwai na tsai da zawo ranar tafiya ko ranar kasuwa, akwai na tausasa bayan gida. Akwai ma wani na kwantar da jijiyoyi wanda ake ba da ɗan kaɗan. An gwada shi a Ingila a kan mutum 463, aka bayyana a 2023 cewa yana taimako. In likita ya rubuta maka irinsa, ba cewa ya yi ka taɓu ba, jijiyoyin hanji yake nufi. Abin da muke cewa shi ne, likita ya zaɓa, ba mai tebur ba.

Game da maganar sammu kuwa, tambaya ɗaya muke yi. Wane irin sammu ne ke tashi ran da aka ci wake, ya kwanta ran da aka ci tuwo? Wannan zargi ya raba kishiyoyi, ya ɓata zumunci tsakanin maƙwabta, alhali babu wanda ya yi laifi.

Kaye da alƙalami

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abincin da ke tayar wa wani da ciki ba lalle ne ya tayar wa wani ba. Likita ba ya kwana a gidanka, bai san abin da ka ci ba. Kai kuma in an tambaye ka abin da ka ci shekaranjiya da rana, ka manta. Amma takarda ba ta mantuwa.

Ka samu kaye, ka raba kowane shafi gida huɗu. A gida na farko ka rubuta rana. A na biyu, duk abin da ka ci ko ka sha, har goro da shayi. A na uku, yadda ciki ya yi: kumburi, murɗa, zawo, tauri, ko lafiya lau. A na huɗu, halin da kake ciki: barci ya samu ko bai samu ba, an yi faɗa a gida, mai bashi ya zo, ko uwargida tana al'ada. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya yi alama: layi ɗaya ciwo kaɗan, layi uku ciwo mai tsanani.

Mako biyu na farko kada ka canja kome, ka rubuta kawai. Sannan ka zauna ka karanta. Ka duba ranakun wahala, ka ga abin da ya gabace su a yinin ko a jiyansa. Abin da ka fi zargi, ɗaya ko biyu, ka bar shi na mako biyu zuwa huɗu, kada ya wuce shida. In ba ka ga canji ba, ba shi ne mai laifi ba, ka koma cin abinka. In ka ga sauƙi, ka dawo da shi kaɗan kaɗan cikin kwana uku: yau ɗan kaɗan, gobe ka ƙara, jibi ka ƙara. Inda ciki ya fara magana, nan ne iyakarka. Yawancin mutane ba sa bukatar barin abinci gaba ɗaya, sanin iyaka suke bukata.

Maganar albasa da wake

A nan ne maganar take da nauyi a gare mu. A shekarar 2005 masana na jami'ar Monash, a ƙasar Ostareliya, sun bayyana cewa akwai wasu ire-iren sukari a cikin abinci waɗanda ƙaramin hanji ba ya tsotse su da kyau. Suna jawo ruwa cikin hanji, sannan su wuce babban hanji, ƙananan halittun nan su cinye su, su fitar da iska. Kamar ƙullun masa ne da aka bari ya kwana, da safe a tarar ya tashi ya cika tukunya. Ga mai lafiya wannan ba kome ba ne. Ga mai rikicin hanji shi ne kumburi da murɗa. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna cewa fiye da rabin masu ciwon suna samun sauƙi in sun rage irin wannan abinci.

Ga waɗanda suka fi ɗauke da shi cikin abincinmu: albasa, tafarnuwa, wake da duk abin da ake yi da shi, alkama wato burodi da taliya da fanke, madara ɗanya da ta gari da ta gwangwani, mangwaro, kankana, da zuma.

Ga kuma waɗanda ba su cika tada ciki ba: hatsi, dawa, masara, shinkafa, dankalin turawa, tumatir, karas, gyaɗa, ƙwai, nama, kifi, lemu da gwanda.

Muna jin wani yana cewa: "Mushe, a ƙasar albasa za ka ce a bar albasa?" Allah ya kiyaye. Albasar Galmi ita ce tutar jihar Tawa. Da ita ake biyan bashi, ake aurar da ƴaƴa, ake sayen hatsi in rumbu ya yi ƙasa. Albasa ba guba ba ce, abinci ce mai amfani ga yawancin mutane. A noma ta, a cika rudu, a sayar, iyali su ci. Mai rikicin hanji kaɗai ne zai gwada ya gani, kuma ko shi akwai dabara.

Sukarin nan na albasa yana narkewa a ruwa, amma ba ya narkewa a mai. Don haka in an dafa albasa cikin miya, tsame ta ba ya amfani, ta riga ta zuba abin da ke cikinta. Amma in uwargida ta yanka ta manya manya, ta soya a cikin mai tsantsa, ta tsame ta duka kafin ta zuba ruwa, ƙanshin zai zauna a man, abin da ke kumbura ciki ya tafi da albasar. Haka ma tafarnuwa. Koren ganyen albasa kuma, wato lawashi, ya fi kan albasar sauƙi a ciki nesa ba kusa ba.

Wake shi ne naman talaka, ba mu son kowa ya rabu da shi. A jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa da sabon ruwa har ya nuna luguf. A ci kaɗan tare da shinkafa ko tuwo, kada a cika kwano da shi tsantsa. Nono mai tsami kuma ya fi madara ɗanya sauƙi, domin tsamin ya cinye wani kashi na sukarinta. Mutane da yawa da madara ke ɓata wa ciki suna shan fura da nono lafiya.

"Talaka ba ya zaɓen abinci"

Wannan ita ce magana mafi ƙarfi da ake mayar mana, kuma akwai gaskiya a cikinta. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, abin da aka samu shi ake ci. Amma mu sake duba jerin nan biyu. Tuwon hatsi da na dawa, da kunu, su ne abincinmu na kullum, kuma suna cikin masu sauƙi. Burodi, taliya, madarar gwangwani da lemun kwalba, su ne ake fitar da kuɗi a saya. Sau da yawa gyaran cikin yana rage kashe kuɗi ne, ba ya ƙara shi.

Duk da haka muna jan kunne. Mace mai ciki, da mai shayarwa, da yaro, da tsoho, da wanda ya rame, kada su rage wani abinci sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Kuma kada tsoro ya sa mutum ya bar wannan ya bar wancan har ya koma kunu kaɗai. Yunwa ta fi kumburin ciki illa.

Abubuwan yi na kullum

1. A ci abinci a kan lokaci. Kada a yini da yunwa a garka, da dare a cika ciki dam. Kaɗan kaɗan sau uku ko huɗu ya fi.
2. A zauna a ci a natse, a tauna sosai. Mai hanzarin ci yana haɗiye iska.
3. A sha ruwa mai tsabta, aƙalla kofi 8 a yini, a ƙara a lokacin bazara.
4. A rage shayi mai ƙarfi da kafe, kada su wuce kofi 3 a yini. Goro ma haka. Suna zaburar da hanji, musamman ga mai zawo.
5. A rage yaji da soye-soye masu maiƙo.
6. Mai taurin bayan gida ya riƙi miya mai yauƙi, irin kuka da kuɓewa, yana ƙarawa sannu sannu. Dusa kuwa takan ƙara kumburi.
7. In bayan gida ya matsa kada a riƙe. Bayan karin kumallo hanji ya fi motsi, a ba shi lokacinsa, ba tare da yunƙuri mai ƙarfi ba.
8. Mai zaman shago, da tela, da matar da ba ta fita, su samu tafiyar ƙafa ko wani motsa jiki na kamar rabin awa a yini.
9. Ran da murɗa ta taso, a ɗora tsumma mai ɗumi a ciki, a kwanta, a ja numfashi a hankali. Ruwan na'ana'a mai ɗumi yakan taimaki wasu, sai dai mai ƙwannafi ya yi hattara da shi.
10. In zawo ya yi yawa, a sha ruwan gishiri da sukari: ƙunshi ɗaya na likita a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.
11. Da azumi, a buɗe baki da ruwa da kunu, a dakata, sannan a ci abinci. Ƙosai da lemun kwalba a kan ciki wayam sukan jawo wahala. Kada a bar sahur.

Hankali da hanji

Gida na huɗu a kayen nan kada a raina shi. Manomi ya ci bashin iri da taki da man inji, ya kwashe albasa a watan Maris ko Afrilu, ya tarar kasuwa ta faɗi don kowa ya kawo tasa. Mace mijinta ya tafi ci-rani, wata da watanni babu aike. Irin wannan tunani yana sauka a hanji. Ba mu da ikon gyara farashin albasa a wannan shafi. Amma wanda ya gane cewa damuwa ce ke murɗa masa ciki, ba mugun ciwo ba, ya sauke rabin kayan. Tsoron ciwon shi kansa yana ƙara ciwon. A samu amini a gaya masa. A nemi barci isasshe.

Wanda kuma yawan fitar iska ke sa shi shakka a kan alwala, kada ya ƙaurace wa jam'i. Ya je wurin malami ya tambaya. Malaman fiƙihu sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa mai irin wannan lalura.

Abin da ke kanmu duka

Mai ciwo ba zai iya shi kaɗai ba. Tukunya ɗaya ake dafawa a gida. Uwargida ta ɗebar masa miya kafin ta zuba abin da ba ya so. In kuwa ita ce mai ciwon, maigida ya ba ta kuɗin zuwa likita, kada ya ce raki ne ko ƙyuyar aiki.

Akwai matan da ke riƙe bayan gida tun safe har duhu ya yi, don gidan babu masai, sai an fita bayan gari. Wannan yana ɗaure ciki, yana kuma yaɗa zawo a gari in ruwan sama ya kwaso ƙazanta. Magidancin da ya iya sayen injin ban ruwa ya iya gina masai.

Ga malaman cibiyoyinmu kuma, muna roƙo: ɗalibanku manya ne. Wanda ya tashi zai fita, ya fita ba sai ya nemi izini ba. A bar masa wuri kusa da ƙofa. Wanda ya yi wa ɗan uwansa dariya a tsawata masa. Kuma a sa rubuta abincin yini cikin darasi, domin aikin rubutu ne mai amfani ga kowa.

Ɗalibin nan namu ya sake komawa likita, aka ƙara dubawa, aka tabbatar masa babu alamar haɗari. Ya riƙe kaye wata biyu. Abin da ya gano shi ne ɗanyar albasa da yake ci da ƙuli-ƙuli a garka, da shayi mai madarar gwangwani da yake sha da safe ciki wayam. Wake bai dame shi ba in ya ci kaɗan. Bai warke sarai ba, har yanzu cikin yakan motsa, musamman in lokacin biyan bashi ya matso. Amma ya dawo aji, ya koma sahun gaba, kuma bai ƙara sayar da akuya ba. Da muka sake haɗuwa ya ɗaga kayen ya ce: "Mushe, ashe maganin yana aljihuna."

Ƴan uwa, wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a gonakinmu da garakenmu.